Maganaɗisu a Tsakanin Siraran Fallayen Oksayid: Bayani da Nazarin Kalmomin Fannu a Hausa

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana wani fanni na kimiyyar zamani da harshen Hausa, wato yadda siraran fallayen sinadaran oksayid kan riƙi juna ta hanyar maganaɗisu idan aka aza su hawa-hawa, tare da duba kalmomin da Hausa za ta iya ɗaukar wannan bayani da su. An zaɓi fannin ne saboda dalilai biyu. Na farko, a kansa aka gina wasu muhimman sassan na'urorin da ke adana bayanai a kwamfuta. Na biyu kuma, fanni ne da ke gwada ƙarfin kalmomin da ake da su, domin yawancin abin da yake magana a kai ido ba ya gani, hannu kuma ba ya taɓawa.

An ɗauko misalan farko daga ƙasar Kafancan da kewayenta. Ɗaliban da ake horarwa a Kwalejin Ilimi ta Jihar Kaduna da ke Gidan Waya sukan fita koyarwa a azuzuwan da suka tara yara masu jin Tyap da Jju da Hyam da Gworok da Ninzo da Fulfulde, inda Hausa ce harshen da mafi yawansu suka haɗu a kai. Duk lokacin da bayanin Ingilishi ya cije, ga Hausa malami kan koma. Idan kalmar da ya samu a Hausa ta karkace, fahimtar yaro ma za ta karkace, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Saboda haka batun kalmomin fannu a nan ya shafi abin da yaro zai fita da shi daga aji.

2.0 Maganaɗisu da Mayen Ƙarfe

Hausa tana da sunaye biyu sanannu na abin da ke jan ƙarfe. Na ɗaya shi ne maganaɗisu, wanda aka aro daga Larabci, Larabci kuma ya samo shi daga Girkanci, daga sunan wani yanki da ake kira Maginisiya inda aka san dutsen da ke jan ƙarfe tun zamanin da. Na biyu shi ne mayen ƙarfe, harɗaɗɗiyar kalma ta gida, wadda ta kamanta abin da maye mai kama kurwa. Idan aka lura, duk sunayen biyu a bakin Bahaushe ma'anar jawowa suke ɗauke da ita. Hatta a azanci, idan aka ce wane yana da maganaɗisu, ana nufin yana jan hankalin mutane gare shi.

A nan matsala ta farko take. A kimiyyance, jan ƙarfe ɗaya ne kawai daga cikin alamomin maganaɗisu. Akwai sinadarai masu yawa da ke da cikakken tsarin maganaɗisu a cikinsu amma ko allura ba za su ɗauka ba, kuma irin waɗannan ne ginshiƙin fannin da ake magana a kai. Don haka wannan maƙala ta raba aiki tsakanin kalmomin biyu: mayen ƙarfe ya tsaya ga abin da ke jan ƙarfe a zahiri, maganaɗisu kuma a faɗaɗa ma'anarsa ya zama sunan ɗabi'ar baki ɗaya, ko ta bayyana a waje ko ta ɓuya a ciki. Sararin da tasirin maganaɗisu ke kaiwa kuwa an kira shi hurumin maganaɗisu, tun da hurumi a Hausa yanki ne da ikon wani ya tsaya a kai.

3.0 Oksayid a Ƙasar Kudancin Kaduna

Oksayid shi ne abin da ake samu idan wani sinadari, galibi ƙarfe, ya haɗu da oksijin. Mafi sanuwa a cikin wannan dangi ita ce tsatsa. Jan launin marmara da jar ƙasa ma daga oksayid ɗin baƙin ƙarfe yake, wanda masana ke kira hematayit. Ɗan'uwansa baƙi, wato maginatayit, shi ne dutsen da mutanen da suka tarar yana jan ƙarfe. Dukansu biyu baƙin ƙarfe ne da oksijin. Bambancinsu yana ga yawan oksijin da kuma yadda ƙwayoyin zarra suka jeru.

3.1 Tama da Murhun Mutanen Nok

A 1928 masu haƙar kuza suka tono wani ɗan mutum-mutumi na gasasshen yumɓu kusa da ƙauyen Nok a ƙasar Ham. A 1943 Bernard Fagg ya ga wani kan yumɓu da aka samo a wajen Jama'a, wanda har an yi amfani da shi wajen korar tsuntsaye a gonar doya, ya gane cewa aikin hannun al'umma ɗaya ne. Binciken da Jami'ar Goethe ta Farankfot ta fara a 2005 ƙarƙashin Peter Breunig ya nuna cewa mafarin wannan al'ada ya kai wajen shekara ta 1500 kafin Miladiyya, kuma mutanenta sun iya narka tama tun cikin shekaru dubu na ƙarshe kafin Miladiyya.

Abin da ya shafi wannan maƙala shi ne hanyar da aka bi aka gano murahun narka tama a Taruga, kusa da Abuja, a shekarun 1960. An zagaya filin da na'urar auna maganaɗisu, irin wadda Martin Aitken ya fara amfani da ita wajen binciken kufai a Ingila a 1958. Inda na'urar ta nuna ƙaruwar maganaɗisu, da aka haƙa sai aka tarar da kashin maƙera da ragowar bangon murhu. Dalilin haka kuwa shi ne, wutar gawayi takan zare wani kaso na oksijin daga hematayit ɗin da ke cikin yumɓu ta mai da shi maginatayit. Haka kuma, idan zafi ya wuce kimanin digiri 580 a ma'aunin Salshiyas, tsarin maganaɗisun maginatayit yakan warware, sa'an nan yayin da yake hucewa sai ya sake jeruwa daidai da hurumin maganaɗisun duniya, ya daskare a haka. Wato bangon murhu ya riƙe shaidar ranar da aka kashe wutarsa har fiye da shekara 2,000. Wannan iyakar zafi ita ake jinginawa ga Pierre Curie, wanda ya yi nazarinta a 1895.

3.2 Kuza da Abokan Zamanta

Kuzar da aka yi ta haƙa a tsaunukan Jos da gefen Jama'a, wadda jirgin ƙasa ya riƙa kwasa ta mahaɗar Kafancan tun shekarun 1920, ita ma oksayid ce. Tare da ita a cikin yashi ake samun maginatayit da ilmanayit da kwalambayit, wanda Nijeriya ta kasance kan gaba a duniya wajen fitar da shi a shekarun 1950. Da maganaɗisu ake rarrabe su: maginatayit yakan maƙale tun da ƙaramin ja, ilmanayit da kwalambayit sai an ƙara ƙarfi, kuza kuwa takan wuce abinta. Ita wannan kuza, idan aka gauraya ta da oksayid ɗin wani ƙarfe mai suna indiyam, ita ce siririn fallen da ke kan gilashin wayar hannu, wanda haske ke ratsawa kuma lantarki ke bi. Bugu da ƙari, a 2016 an sanar da gano nikel a yankin Dangoma da ke Ƙaramar Hukumar Jama'a, kuma oksayid ɗin nikel yana cikin sinadaran da za a ambata a gaba. Ashe ke nan kayan wannan fanni ba baƙi ba ne a wannan ƙasa.

4.0 Tushen Maganaɗisu: Jeri Iri Uku

Kowace ƙwayar zarra tana da ilektoron, kuma kowane ilektoron tamkar ƙanƙanin mayen ƙarfe ne mai kai da gindi. A yawancin sinadarai ilektoron kan zauna bibbiyu suna soke juna. A cikin baƙin ƙarfe da nikel da kobalt da manganis kuwa akwai waɗanda suka rage babu abokan sokewa, don haka ƙwayar zarrar takan zama tana da fuskar da ta dosa. Abin da ke bambanta wani sinadari da wani shi ne yadda maƙwabta suka daidaita fuskokinsu. Akwai jeri iri uku:

(a) Jerin fuska-ɗaya: dukkan ƙwayoyin sun dubi waje guda, ƙarfinsu ya taru. Baƙin ƙarfe yana cikin wannan jeri muddin zafi bai kai digiri 770 ba.

(b) Jerin kai-da-ƙafa: kowace ƙwaya ta juya wa maƙwabciyarta, kamar mutane biyu da suka kwanta a tabarma ɗaya kan wannan na wajen ƙafar wancan. Ƙarfin ya soke juna, saboda haka babu ja a waje, alhali a ciki tsarin ya kafu daram. Oksayid ɗin nikel yana cikin wannan jeri har zuwa kimanin digiri 250.

(c) Jerin rinjaye: an kwanta kai-da-ƙafa, amma ɓangare ɗaya ya fi ɗaya ƙarfi, sai ragowar ta bayyana a waje. Maginatayit yana nan.

Louis Néel na Faransa ne ya bayyana jeri na biyu a shekarun 1930, ya bayyana na uku a 1948, ya kuma sami kyautar Nobel a 1970. A 1949 Clifford Shull da J. S. Smart suka tabbatar da jerin kai-da-ƙafa a cikin oksayid ɗin manganis ta hanyar gwaji.

A cikin oksayid, ƙwayoyin ƙarfe ba sa taɓa juna, domin oksijin ya shiga tsakaninsu. To yaya wannan ke sanin fuskar wancan? Amsar da Hendrik Kramers ya fara kawowa a 1934, Philip Anderson ya kammala a 1950, ita ce oksijin ne dillali. Ilektoron ɗinsa kan yi hulɗa da ƙarfen dama da na hagu a lokaci guda, ta haka saƙon wannan ke isa ga wancan. Galibi idan ƙarfe da oksijin da ƙarfe suka miƙe a layi ɗaya, dillancin kan haifar da jerin kai-da-ƙafa. John Goodenough a 1955 da Junjiro Kanamori a 1959 sun tsara ƙa'idojin da ke nuna lokacin da sakamakon zai zama haka da lokacin da zai sauya. Akwai kuma dillanci na biyu da Clarence Zener ya bayyana a 1951: idan ƙwayar manganis ɗaya ta fi maƙwabciyarta da ilektoron guda, wannan ilektoron kan tsallaka ta kan oksijin, kuma tsallakawar ta fi sauƙi idan maƙwabtan sun dubi fuska ɗaya. A irin wannan sinadari, gudanar lantarki da jerin fuska-ɗaya tafiyarsu ɗaya, kamar ɗanjuma da ɗanjummai.

5.0 Falle da Magama

5.1 Yadda Ake Aza Fallaye

Sirantar da ake nufi a nan da nanomita ake auna ta, wato kashi ɗaya cikin biliyan na mita. Kaurin fallen takarda ya kai kimanin nanomita 100,000. Yawancin oksayid ɗin da ake aiki da su suna da gini irin na ma'adinin ferobsikayit, wanda Gustav Rose ya gano a tsaunukan Ural na Rasha a 1839. Tubalin wannan gini kamar akwati yake, faɗinsa kimanin nanomita 0.39, saboda haka sai an aza tubali wajen 250,000 kafin a kai kaurin takarda guda.

Hanyar da ta yaɗu tun daga 1987 ita ce a harbi dunƙulen oksayid da hasken lesa a cikin wani ɗaki na ƙarfe da aka zuƙe iskarsa aka bar ɗan oksijin. Tururin da ya tashi sai ya sauka a kan wani faranti mai zafin digiri 600 zuwa 800, ƙwayoyin su jeru bisa tsarin farantin, kamar yadda magini ke bin harsashi. Ana iya ƙidaya sahun tubalan ɗaya bayan ɗaya, a tsaya a na huɗu ko na goma, a sauya sinadari a ci gaba. Inda falle ya sadu da falle shi aka kira magama. Ƙwayar da ke magama tana da maƙwabci na sama dabam, na ƙasa dabam, don haka halinta kan saɓa wa na danginta da ke tsakiyar falle. Idan kuma faɗin tubalan biyu bai zo daidai ba, na sama yakan miƙe ko ya takure don ya bi na ƙasa, wannan kuma kan sauya kusurwar dillancin oksijin, ya sauya jerin. Herbert Kroemer ya nuna a jawabinsa na karɓar Nobel a 2000 cewa a irin waɗannan na'urori magamar ita ce ainihin na'urar.

5.2 Turkewa

A 1956 W. H. Meiklejohn da C. P. Bean, masu bincike a kamfanin General Electric a Amurka, suna aiki da garin kobalt wanda bayansa ya yi tsatsa. Cikin ƙwayar garin jerin fuska-ɗaya ne, ɓawon kuwa jerin kai-da-ƙafa ne idan an sanyaya shi. Da suka sanyaya garin a cikin hurumin maganaɗisu, sai suka tarar juya fuskar kobalt ɗin zuwa waje ɗaya ya fi juya ta zuwa ɗaya wajen wuya. Bayanin shi ne, ɓawon ba ya jin jan da ke zuwa daga waje, tun da ƙarfinsa ya soke juna, amma sahunsa na ƙarshe yana riƙe da sahun farko na kobalt. Ya zama turke, kobalt kuma akuya: tana iya zagayawa, amma igiya na mayar da ita. Abin lura ga mai nazarin ma'ana shi ne, sinadarin da ba ya jan ko allura shi ne ya riƙe mayen ƙarfen.

5.3 Riƙo ta Bayan Shamaki

A 1986 Peter Grünberg a Yulish ta Jamus ya aza fallen baƙin ƙarfe biyu, ya raba su da siririn fallen kromiyam, sai ya tarar fallayen biyu sun kwanta kai-da-ƙafa duk da ba su taɓa juna ba. A 1988 shi da Albert Fert na Faransa, kowa a nasa ɗakin bincike, suka gano cewa lantarki yakan sha turjiya mai yawa idan fallayen sun saɓa fuska, turjiyar kuma ta ragu idan an tilasta musu duban fuska ɗaya. A gwajin Fert, a cikin tsananin sanyi, ta ragu da kusan rabi. Wannan ya ba su kyautar Nobel a 2007. A 1990 Stuart Parkin na kamfanin IBM ya nuna cewa riƙon yakan yi ta sauyawa tsakanin kai-da-ƙafa da fuska-ɗaya duk lokacin da kaurin shamakin ya ƙaru da nanomita ɗaya ko biyu. Waɗannan gwaje-gwaje da tsantsar ƙarfe aka yi su. Samun irin wannan riƙo mai tsafta a tulin da dukkansa oksayid ne ya ɗauki lokaci, har zuwa 2017 da masu bincike a Hefei ta ƙasar Sin suka nuna shi, suka kuma riƙa juya fallayen ɗaya bayan ɗaya.

Akwai kuma riƙo na kai tsaye babu shamaki. Oksayid ɗin manganis mai lantanam da sitirontiyam yana cikin jerin fuska-ɗaya har zuwa kimanin digiri 95. Oksayid ɗin rutiniyam mai sitirontiyam shi ma fuska-ɗaya ne, amma sai sanyi ya kai kimanin digiri 110 ƙasa da sifiri. Idan aka aza su a kan juna aka sanyaya, dillancin oksijin a magama yakan sa manganis da rutiniyam su juya wa juna baya.

5.4 Abin da Magama Ke Haifarwa

Mafi ban mamaki shi ne inda magama ke fito da halin da babu shi a ɗayan iyayen biyu. A 1998 Ueda da Tabata da Kawai a Osaka ta Japan suka jera fallen oksayid mai baƙin ƙarfe da mai kromiyam, sahu ɗaya bayan ɗaya. Kowannensu shi kaɗai kai-da-ƙafa ne, amma tulin ya nuna jerin fuska-ɗaya, kamar yadda ƙa'idojin Goodenough da Kanamori suka yi hasashe. Haka nan oksayid ɗin manganis mai lantanam da mai sitirontiyam, dukansu ba sa gudanar da lantarki kuma kai-da-ƙafa ne, amma idan aka jera su sirara ƙwarai, ilektoron kan ƙetara magama, dillancin Zener ya kama aiki, tulin ya koma fuska-ɗaya mai gudanar da lantarki.

A 2004 Akira Ohtomo da Harold Hwang suka aza oksayid mai lantanam da aluminiyam a kan mai sitirontiyam da titaniyam. Babu mai gudanar da lantarki a cikinsu, babu kuma mai tsarin maganaɗisu, amma magamarsu ta gudanar da lantarki. A 2006 aka nuna cewa hakan ba ya faruwa sai fallen sama ya kai tubali 4. Da tubali 3 babu abin da ke gudana. A 2007 aka ga alamun maganaɗisu a wannan magama. Masana sun rabu kan tushen wannan maganaɗisu: wasu sun jingina shi ga ilektoron da suka taru a kan titaniyam, wasu kuma ga guraben da oksijin ya bari a lokacin gini.

5.5 Misali Daga Dutse

Wannan hikima ta riga ɗakin bincike. A 2002 Peter Robinson da Richard Harrison da Suzanne McEnroe da Robert Hargraves suka bayyana dalilin da ya sa wasu duwatsu, irin na Rogaland a ƙasar Nowe, suka riƙe maganaɗisu mai ƙarfi na kusan shekara biliyan ɗaya. A cikinsu hematayit da ilmanayit sun rabu falle-falle yayin da dutsen ke hucewa. Kowannensu shi kaɗai maganaɗisunsa na waje rauni gare shi, amma sahun da ke magamarsu bai sami abokin sokewa ba, sai ƙarfinsa ya bayyana. Ilmanayit kuwa shi ne baƙin yashin nan da masu wankin kuza suka saba warewa gefe.

6.0 Amfani

Zaren kaset, wanda ya yaɗa waƙoƙin Hausa ko'ina, leda ce da aka shafe da garin oksayid ɗin baƙin ƙarfe, kuma a cikin fuskokin ƙwayoyin garin ake adana sauti. Faifan kwamfuta ya gaji wannan dabara, sai dai guraben rubutunsa sun ƙanƙance har suka buƙaci makaranci mai saurin ji. A 1997 IBM ya fitar da faifai mai makaranci da aka gina bisa binciken Fert da Grünberg: falle ɗaya a turke, ɗaya a sake yana juyawa da abin da ke kan faifai, turjiyar lantarki kuma tana faɗin abin da aka rubuta.

Daga baya aka mai da shamakin ya zama oksayid da ba ya gudanar da lantarki. Idan kaurinsa bai wuce nanomita ɗaya ko biyu ba, ilektoron kan kurɗa ta cikinsa, kuma yawan masu kurɗawa ya dogara ga ko fallayen sun dubi fuska ɗaya. Michel Jullière ya nuna haka a 1975 a cikin sanyi. Terunobu Miyazaki da Jagadeesh Moodera suka same shi a zafin ɗaki a 1995. A 2004 kuma Parkin da Shinji Yuasa suka ninka tasirin da shamakin oksayid ɗin magnisiyam. A kan wannan aka gina wata ma'adanar bayanai da ba ta mantuwa idan an ɗauke wuta, wadda ta shiga kasuwa a 2006. Babban cikas ga tulin da dukkansa oksayid ne shi ne, da yawa daga cikin halayensa sai cikin tsananin sanyi suke bayyana, kuma ƙera shi da yawa yana da wuya da tsada.

7.0 Kalmomin da Aka Yi Amfani da Su

Littafin Hausa Metalanguage da Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990 ya tanadi kalmomin nazarin harshe da adabi, kuma hanyoyin da aka bi a irin wannan aiki su aka bi a nan. Hanya ta farko ita ce aro tare da daidaita lafazi, ga sunayen sinadarai da ma'aunai. Tun da gaɓar Hausa ba ta farawa da cunkoson baƙaƙe, an saƙala wasali a sitirontiyam. Tun da kuma wasu baƙaƙen Turawa babu su a Hausa, an musanya su da mafi kusa a ferobsikayit. An bar oksayid a matsayin aro, domin tsatsa tana ɗauke da ma'anar lalacewa, wadda ba ta dace da kuza ko maginatayit ba, ko da yake da tsatsa ya kamata malami ya buɗe darasi.

Hanya ta biyu ita ce faɗaɗa ma'anar kalmar gida:

(1) falle: kauri ɗaya na sinadari da aka shimfiɗa a kan wani. An fifita shi a kan yana, domin yana tana nuna abin da ya taso da kansa a kan ruwa ko ido, haka kuma a kan ɓawo, wanda ke nuna abin da ake ɓarewa a yar.

(2) hurumi: iyakar inda tasirin maganaɗisu ke kaiwa.

(3) turjiya: ƙin da sinadari ke yi wa gudanar lantarki.

(4) dillanci: shiga tsakanin da oksijin ke yi.

Hanya ta uku ita ce ƙira daga aikatau: magama daga gama, ta hanyar ɗafa-goshin ma- mai nuna wuri, turkewa da kurɗawa kuma sunaye ne 'yan aikatau. An zaɓi magama aka bar mahaɗa, saboda ana bukatar haɗa da danginta wajen bayanin haɗuwar sinadarai, kuma kalma ɗaya ga ma'ana biyu a fanni ɗaya ruɗani take kawowa. Hanya ta huɗu ita ce harɗantawa, kamar a fuska-ɗaya da kai-da-ƙafa. Ninki kuma ya ba da hawa-hawa da falle-falle.

Kowane kamance yana da inda ya tsaya. Dillalin kasuwa yana da niyya da la'ada, oksijin ba shi da ko ɗaya. Kurɗawa a Hausa tana bukatar kafa, alhali ilektoron yana ratsa shamakin da babu kafa a jikinsa. Wajibi ne malami ya faɗi wannan iyaka a fili a duk lokacin da ya kawo kalmar.

8.0 Kammalawa

An ga cewa maganaɗisun oksayid ya dogara ne ga yadda ƙwayoyin zarra suka jera fuskokinsu, da kuma dillancin oksijin a tsakaninsu; an kuma ga cewa a magamar fallaye ake samun turkewa, da riƙo ta bayan shamaki, da halayen da babu su a kowane falle shi kaɗai. Ta fuskar harshe, aro ya zama dole ne ga sunayen sinadarai da ma'aunai kawai. Bayanin yadda abin ke aiki kuwa Hausa ta ɗauke shi da kayanta. Mataki na gaba shi ne a gwada waɗannan kalmomi a aji, a wurare irin su Gidan Waya inda Hausa harshe na biyu ce ga ɗalibai da yawa, a ga waɗanda suka zauna da waɗanda suke bukatar sauyi. Yana da kyau kuma malaman harsuna da na kimiyya su haɗa hannu su tattara kalmomin ƙira da na haƙar ma'adinai daga bakin tsofaffin maƙera da masu wankin kuza, a Hausa da Tyap da Jju da Hyam, tun masu riƙe da su suna raye.